Gwajin Kumburi a Jini: Shin Yana Nuna Yadda Jijiyoyin Zuciya Suka Toshe?

A watan Satumbar 2025, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, ACC, ta fitar da takardar matsaya tana kira da a mayar da awon kumburi a jini, musamman gwajin da ake kira hsCRP, cikin binciken da aka saba yi, ga masu ciwon zuciya da ma waɗanda ba su kamu ba. Shekara biyu kafin nan, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince a riƙa ba masu ciwon jijiyoyin zuciya colchicine, wani tsohon maganin kumburi. A tsakanin waɗannan biyun, a ƙarshen 2024, wani babban gwaji da aka yi a kan mutum sama da 7,000 ya fito yana cewa colchicine ɗin bai hana komai ba. Ga kuma ɗimbin rahotannin bincike daga asibitoci daban-daban, kowanne na cewa wani lissafi da aka ciro daga awon jini yana da alaƙa da tsananin toshewar jijiyoyin zuciya.

Duk wanda ya ji waɗannan labarai a gutsure, dole kansa ya ɗaure. Mutum ya karɓo sakamako daga ɗakin gwaji, ya ga an ja layi a ƙarƙashin CRP, ɗaya daga cikin alamomin kumburi a jini, sai ya tambaya: jijiyoyina sun toshe ke nan? Wani kuma nasa ya fito ƙasa, sai ya saki jiki. Tushen ruɗanin shi ne an cakuɗa tambayoyi biyu. Ta farko: yaya girman toshewar da ke cikin jijiya a yau? Ta biyu: wane haɗari ke gaban mutumin nan da shekaru masu zuwa? Alamomin kumburi sun fi iya amsa ta biyun nesa ba kusa ba. A kan ta farko kuwa, amsarsu mai rauni ce.

Abin da ke faruwa a bangon jijiya

Zuciya tsoka ce, kuma duk yawan jinin da ke ratsa cikinta, ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin da ke kwance a jikinta ta waje suna ciyar da ita: babbar jijiyar hagu, wadda ke rabuwa biyu, reshe ɗaya ya gangaro ta gaba, ɗayan ya zagaya ta baya, sai kuma jijiyar dama. Faɗin yawancinsu milimita 3 zuwa 4 ne kacal. Ciwon waɗannan jijiyoyi shi ne na ɗaya wajen kisa a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana ɗauke kimanin mutum miliyan 9 a shekara.

Ciwon yana farawa ne idan kolestarol nau'in LDL ya kutsa cikin bangon jijiya, musamman inda hawan jini, hayaƙin taba ko ciwon suga suka raunana shimfiɗarta ta ciki. Garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. Fararen ƙwayoyin jini su shigo su haɗiye shi, su cika su mutu a wurin, suna sakin wasu sinadarai, irin su IL-1 da IL-6, da ke kirawo wasu 'yan uwansu. A haka tarin kitse da matattun ƙwayoyi ke girma a cikin bangon, wata 'yar fata ta rufe shi daga sama, tamkar maruru da ya fito ta ciki. Wannan aikin na garkuwar jiki shi likitoci ke nufi da kumburi a nan. Ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, ba a ganinsa, kuma yana iya ɗaukar shekara 20 ko 30 yana ci a ɓoye.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 19 likitan Jamus Rudolf Virchow ya ce akwai kumburi a lamarin, amma maganar kolestarol ta danne tasa kusan ƙarni guda, sai a 1999 Russell Ross na Jami'ar Washington ya sake tsayar da ita da hujjoji.

Tarin yana cutarwa ta hanya biyu. Yana iya girma a hankali har ya ƙuntata hanyar jini. Idan ƙuncin ya kai wajen kashi 70 cikin 100, mutum ya fara jin nauyi ko matsi a ƙirji idan ya hau bene ko ya yi sauri, ya huta abin ya lafa. Ko kuma fatar da ta rufe shi ta tsage farat ɗaya, jini ya daskare a wurin, gudan ya toshe jijiyar cikin mintuna, wani sashe na tsokar zuciya ya fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Kumburi ne ke cin wannan fata har ta yi siririya. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980, inda aka kwatanta hoton jijiyoyin mutane kafin bugun zuciya da bayansa, ya nuna da yawa daga wuraren da suka toshe ba su da wani ƙunci mai yawa a hoton farko. Ke nan girman tari daban, saurin fashewarsa daban.

Me ake nufi da tsanani?

Idan rahoton bincike ya ce tsananin ciwo, kusan kullum yana nufin abin da aka gani a anjiyogiram. Likita ya zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya tura shi har bakin jijiyoyin zuciya, ya fesa wani ruwa mai fitowa a hoto, sai hanyar jinin ta bayyana a allo. Inda ta matse a gan shi ƙarara. Gani ya kori ji.

Daga nan sai a mayar da abin da aka gani zuwa lamba. Mafi sauƙi a ƙirga jijiya nawa ta kamu: ɗaya, biyu ko uku. Akwai ma'aunin Gensini, na 1983, wanda ke ba kowane ƙunci maki: kashi 25 maki 1, kashi 50 maki 2, kashi 75 maki 4, kashi 90 maki 8, kashi 99 maki 16, toshewa gaba ɗaya maki 32. Sannan a ninka makin gwargwadon muhimmancin wurin. Ƙuncin kashi 90 a farkon reshen da ya gangaro ta gaba, 8 sau 2.5, maki 20 ke nan. Irin wannan ƙunci a wani ƙaramin reshe na gefe, 8 sau 0.5, maki 4. Akwai kuma ma'aunin SYNTAX, wanda ke duba wuyar gyaran: ko a mararraba ƙuncin yake, ko ya yi tsawo, ko ya taurare. Maki 22 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, 33 zuwa sama mai wuya, kuma a nan ne aka fi karkata ga tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya, maimakon sa 'yar ragar ƙarfen nan da ke buɗe jijiya.

Duka waɗannan ma'aunai hanyar jini suke aunawa. Abin da ke gudana a cikin bangon, inda kumburin yake, anjiyogiram ba ya nuna shi.

Alamomin da ake aunawa

CRP shi ne babba a cikinsu. Furotin ne da hanta ke yi idan IL-6 ya iso mata da saƙon cewa akwai kumburi a wani wuri. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, cikin jinin masu ciwon huhu. Yana fara hawa awa 6 zuwa 8 bayan matsala ta fara, ya kai ƙololuwa a wajen kwana biyu, kuma a ciwo mai tsanani yana iya kai wa ɗaruruwan miligiram a kowace lita. Hanta ba ta faɗin daga ina saƙon ya fito. Ruɓaɓɓen haƙori, ciwon sanyin mafitsara, ƙiba, da tarin kitse a jijiya, duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa.

Gwajin hsCRP furotin ɗaya yake aunawa, sai dai na'urarsa na iya ganin ɗan kaɗan ɗin da gwajin CRP na gama-gari ba ya gani. A 2003 ƙungiyar zuciya ta Amurka, AHA, da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, suka raba shi uku: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Suka ƙara da cewa a auna sau biyu, mako biyu a tsakani, lokacin da mutum yake lafiya lau, kuma idan ya haura 10 a nemi wata cutar daban, a sake gwajin daga baya.

Sauran alamomin da suka cika mujallu lissafi ne kawai daga cikakken awon ƙwayoyin jini, wanda kusan kowane asibiti ke yi. A takardar sakamako akwai layin da aka rubuta NEUT, wato nutirofil, da na LYM, wato limfosait, duka nau'o'in fararen ƙwayoyi ne. Idan na farko 4.8 ne, na biyu 1.6, aka raba, an sami 3. Wannan shi ne NLR. A raba yawan filatilet, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da limfosait, a sami PLR. A haɗa ukun a sami SII, wanda asalinsa a 2014 aka ƙirƙiro shi don masu kansar hanta, daga baya masu binciken zuciya suka are shi. Abin da ke jan hankali ga waɗannan shi ne ba sa buƙatar ko kwabo a kan kuɗin gwajin da aka riga aka biya.

Troponin ba ya cikin wannan rukuni. Shi alama ce ta mutuwar tsokar zuciya, kuma da shi ake tabbatar da bugun zuciya.

Alaƙarsu da girman toshewa

Yawancin binciken da ke haɗa NLR, SII ko CRP da makin Gensini da SYNTAX tsarinsu ɗaya ne. Asibiti guda, sau da yawa a Turkiyya ko Sin, ya buɗe fayilolin 'yan ɗaruruwan mutanen da aka yi wa anjiyogiram, ya kwatanta jininsu da makinsu. Sakamakon kusan kullum ɗaya ne: rukunin masu maki da yawa, matsakaicin alamar kumburinsu ya fi hawa. Wannan ya maimaitu sau da yawa har ba a musunsa.

Masu goyon baya suna cewa: tunda gwajin na da araha kuma yana ko'ina, me zai hana a yi amfani da shi wajen tantance wanda ya fi buƙatar a tura shi babban asibiti, musamman a ƙasashen da na'urar anjiyogiram ta yi ƙaranci? Hujja ce mai nauyi, domin a irin waɗannan wurare likita na yanke hukunci ne da ɗan abin da ke hannunsa.

Masu suka suna kawo abubuwa da dama. Bambanci a matsakaicin rukuni biyu ba ya nufin za a iya gane mutum ɗaya. Lambobin masu toshewa mai tsanani da na masu sauƙi suna shiga juna sosai, ta yadda za a sami mai jijiya uku a toshe da NLR na 2, da mai jijiyoyi garau da NLR na 4. Mutanen da aka bincika kuma duk waɗanda aka riga aka zarga da ciwon ne har aka kai su anjiyogiram, don haka abin da aka gani a kansu ba lallai ya hau kan mai tafiya a titi ba. Sannan akwai matsalar wane ya haifi wane. Bugun zuciya kansa yana tayar da nutirofil, ya saukar da limfosait, ya ɗaga CRP na kwanaki. Idan an ɗebi jinin bayan mutum ya iso da ciwon ƙirji, mai yiwuwa ɓarnar ake aunawa, ba abin da ya jawo ta ba. Ƙari a kan haka, kowane bincike da tasa iyakar da yake kira mai haɗari, wani 2 da 'yan kai, wani 3, wani sama da haka, kuma galibi bayan an ga sakamakon ake zaɓar lambar da ta fi dacewa da shi. Iyakar da aka yanka ta haka ba kasafai take aiki a wani asibitin ba.

Binciken MESA na Amurka ya ba da haske ta wata fuskar. An ɗauki mutum 950 masu hsCRP na 2 zuwa sama, waɗanda kolestarol ɗinsu bai hau ba, aka duba jijiyoyinsu da hoton CT mai auna taurin da tarin kitse ke bari. A rahoton 2011, kashi 47 cikin 100 ba su da wannan tauri ko kaɗan, kuma da wuya aka sami wanda ciwon ya kama a cikinsu. Kusan kashi uku cikin huɗu na matsalolin da aka samu sun faɗa ne a kan kashi ɗaya cikin huɗun da taurinsu ya yi yawa. Hawan CRP shi kaɗai bai nuna wanda ke da tarin ba.

Shi ya sa har yau babu wata babbar ƙa'idar likitocin zuciya da ta yarda a yi amfani da NLR, PLR ko SII a madadin hoton jijiya. Wannan matsaya ta dace da hujjojin da ake da su.

Inda hujjar ta fi ƙarfi: hasashen haɗari

A 1997 Paul Ridker na Harvard ya duba jinin da aka adana na likitoci maza masu lafiya, ya gano waɗanda CRP ɗinsu ke rukunin sama sun ninka na rukunin ƙasa kusan sau uku wajen samun bugun zuciya a shekarun da suka biyo baya. A 2024 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin mata 27,939 na tsawon shekara 30: awon hsCRP guda ɗaya a farko ya yi hasashen abin da zai faru, har ya ɗan fi LDL.

Gwajin JUPITER na 2008 ya ɗauki mutum 17,802 da LDL ɗinsu bai kai 130 ba amma hsCRP ɗinsu ya kai 2. Rabi aka ba su rosuvastatin, maganin rage kolestarol. Bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu suka ragu da kashi 44 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Masu suka suka ce gwajin bai sa masu ƙarancin CRP a ciki ba, to ta yaya za a san gwajin jinin ne ya zaɓo masu amfana? Wani babban bincike na Birtaniya ya nuna a 2011 cewa irin wannan magani na amfanar mutane ko CRP ɗinsu ya hau ko bai hau ba. An kuma yi nuni da cewa kamfanin AstraZeneca mai maganin ne ya biya kuɗin gwajin, kuma sunan Ridker na cikin takardun mallakar fasahar amfani da CRP a ciwon zuciya, abin da shi kansa yake bayyanawa a rubuce-rubucensa.

Akwai kuma tambayar ko ƙarin bayanin da CRP ke bayarwa ya taka kara ya karya, bayan an san shekarun mutum, hawan jininsa, sugansa, kolestarol ɗinsa da ko yana shan taba. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike masu yawa ya ƙiyasta cewa sai an auna mutum 400 zuwa 500 masu matsakaicin haɗari kafin a hana matsala guda ɗaya a cikin shekara 10. Wasu na ganin wannan riba ce, tunda gwajin ba shi da tsada a ƙasashensu. Wasu na ganin ta yi kaɗan. A 2018 kwamitin riga-kafi na Amurka ya ce hujja ba ta isa ba, a 2019 ƙa'idar ACC da AHA ta sa hsCRP na 2 zuwa sama cikin abubuwan da ke iya karkatar da shawara idan likita na kokwanton fara magani, sai 2025 ACC ta matsa gaba.

Binciken gado ya warware wani ƙulli guda. Mutanen da suka gaji ƙwayoyin halittar da ke sa CRP ɗinsu ya zauna a sama tsawon rayuwa ba su fi kowa kamuwa da ciwon zuciya ba. Waɗanda kuwa suka gaji raunin saƙon IL-6, ciwon ya ragu a cikinsu. Ke nan CRP shaida ne kawai, mai laifin na can sama da shi. Saukar da lambar CRP a takarda ba shi ne magani ba.

Da aka gwada kashe kumburin

Gwajin CANTOS na 2017 ya ba mutum 10,061 da suka taɓa bugun zuciya allurar canakinumab, mai toshe IL-1, duk wata uku. Kolestarol ɗinsu bai motsa ba, amma matsalolin zuciya suka ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Wannan ne karo na farko da aka nuna rage kumburi kaɗai na iya karewa. Sai dai mutuwa ta dalilin ƙwayoyin cuta ta ƙaru, jimillar mace-mace ba ta ragu ba, allurar na da tsadar gaske, kuma FDA ba ta amince da ita don zuciya ba. Gwajin CIRT da ya biyo baya ya yi amfani da methotrexate, wani maganin kumburin daban, bai rage CRP ba, bai kuma rage ciwon ba.

Colchicine, maganin ciwon gaɓɓan nan da ake kira gawut, ya ba da sakamako iri biyu. A COLCOT, wanda Cibiyar Zuciya ta Montreal ta jagoranta a 2019, kashi 5.5 na masu shan rabin miligiram a kullum suka sami matsala, a kan kashi 7.1 na waɗanda ba su sha ba. A LoDoCo2, da aka yi a Ostareliya da Holand a 2020, kashi 6.8 ne a kan 9.6. Sai CLEAR SYNERGY na 2024, mai mutum 7,062, ya sami 9.1 a kan 9.3, wato babu bambanci, duk da cewa CRP ya sauka. Masu kare maganin na cewa annobar korona ta dagula wannan gwaji, kuma da yawa sun daina shan maganin a hanya. Masu shakka na cewa shi ne mafi girma a cikin ukun, bai kamata a yi watsi da shi ba. Maganar ba ta mutu ba tukuna.

Jinin mutumin Afirka ta Yamma

A nan ne lamarin ya shafi mai karatu a Kano, Damagaram ko Kumasi kai tsaye. Kusan duk 'yan asalin Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Gado ne da ke kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yana tafiya da ƙarancin nutirofil a jini, ba tare da wata cuta ba. Tunda nutirofil ne a saman lissafin NLR da SII, lambar na fitowa ƙasa. A wani bincike na Amurka, matsakaicin NLR na baƙar fata ya tsaya a wajen 1.8, na farar fata a wajen 2.2. Iyakar da aka yanka a Ankara ko Beijin na iya nuna Bahaushe mai ciwo a matsayin lafiyayye.

CRP kuma matsalarsa akasin haka ce. Najeriya kaɗai na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma wannan zazzaɓi na ɗaga CRP sosai, ya saukar da filatilet, ya rikita duk lissafin da aka gina a kansu. Tarin fuka, cutar HIV, ciwon dasashi da ba a kula da shi ba, duk suna riƙe CRP a sama. Mai sikila fararen ƙwayoyinsa da filatilet ɗinsa a sama suke ko da yana cikin lafiyarsa. Ciki da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da estrojin su ma suna ɗaga shi. Sakamakon 5 ko 6 a watan Satumba, lokacin damina, a jikin wanda ya gama shan maganin zazzaɓi makon jiya, ba ya faɗin komai game da zuciyarsa.

Duk da haka buƙatar da ta sa ake neman irin waɗannan alamomi gaskiya ce. Rajistar RACE-Nigeria, wadda Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta, ta bi majiyyata sama da 1,000 da suka zo da bugun zuciya ko abin da ya kusa da shi tsakanin 2013 da 2018. Ƙasa da rabinsu ne aka yi wa anjiyogiram, kuma kimanin takwas cikin goma masu hawan jini ne. Cibiyoyin da ke da na'urar 'yan kaɗan ne, a manyan birane, kuma yawanci daga aljihu ake biya. Idan NLR zai yi wa likitocin yankin amfani, sai an fara tsayar da iyakokinsa daga jinin mutanen yankin, an kuma gwada su a kan hoton jijiyoyinsu. Aro lamba daga wata nahiya ba zai maye gurbin wannan aiki ba.

Ga mai riƙe da takardar sakamako

Abu na farko a duba wane gwaji aka yi. Idan CRP na gama-gari ne, musamman irin wanda ake ɗiga jini a kan faranti a ce ya nuna ko bai nuna ba, ba a yi shi don auna haɗarin zuciya ba. Sai a duba ma'aunin: wasu ɗakunan gwaji na rubuta mg/L, wasu mg/dL, kuma 1 a na biyun daidai yake da 10 a na farkon. Mutum na iya ganin 0.8 ya yi murna, alhali 8 ce.

Wanda hsCRP zai fi yi wa amfani shi ne mai matsakaicin haɗari, misali magidanci ɗan shekara 50 mai ɗan hawan jini da teɓa, wanda likitansa ke tunanin ko a fara masa maganin kolestarol ko a jinkirta; da kuma wanda ya riga ya yi bugun zuciya, yana shan magungunansa, ana son a ga ko akwai sauran haɗari. Mai ciwon suga da hawan jini da ke shan taba ba ya buƙatar gwajin kafin a san matsayinsa. Binciken INTERHEART na 2004, da ya ratsa ƙasashe 52 har da na Afirka, ya nuna abubuwa tara da aka sani, ciki har da taba, kolestarol, hawan jini, suga da teɓa, su ke da alhakin kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko. Barin taba, rage teɓa, motsa jiki da maganin kolestarol kuma duk suna saukar da CRP.

Kalmar kumburi na iya tura mutum kemis, kuma a nan akwai haɗari babba. Diclofenac da ibuprofen, da ake sha don ciwon jiki, ba sa kare zuciya. Yawan shansu na ƙara haɗarin bugun zuciya, ya tayar da hawan jini, ya taɓa ƙoda. A 2004 aka janye Vioxx, wani maganin ciwon jiki, daga kasuwannin duniya kan wannan dalili. Dexamethasone da prednisolone na tayar da suga da hawan jini. Colchicine kansa tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa ƙarama ce. Yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda ko hanta, kuma haɗa shi da clarithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha kashe mutane. Ba maganin da mutum zai rubuta wa kansa ba ne.

Wanda kuma ke jin matsi ko nauyi a ƙirji a yanzu, yana gumi, ciwon na gangarawa hannu, muƙamuƙi ko baya, babu ruwansa da jiran gwajin kumburi. A awannin farko na bugun zuciya CRP na iya zama daidai, domin hanta ba ta fara aikinta ba. Abin da ake buƙata shi ne ECG, wato awon lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isa asibiti, sai troponin. A masu ciwon suga, tsofaffi da mata, abin na iya zuwa da haki, amai ko zafin da ake ɗauka na gyambon ciki ne. Allurar narkar da gudan jini ta fi aiki a awa biyu zuwa uku na farko, kuma bayan awa 12 amfaninta kaɗan ne.